Shin sukar Isra'ila ƙin jinin Yahudawa ne, kuma ina maganar sulhu ta kwana?

Wani ɗan'uwa ya aiko min da tambaya mai rassa uku. Ya ce yana jin Turawa na zargin duk mai sukar Isra'ila da ƙin jinin "Samiyawa", alhali Larabawa ma jikokin Samu ɗan Annabi Nuhu ne, to yaya mutum zai ƙi jinin kansa? Na biyu, shin ƙiyayyar Yahudawa da Larabawa ba tun asali take ba? Na uku, ko akwai wani yunƙurin sulhu da ya taɓa yin tasiri, ko duk wasan kwaikwayo ne?

Ɗan'uwa, na shafe shekaru ina koyar da tarihin Gabas ta Tsakiya, kuma babu zangon karatun da ɗalibai ba sa yi min reshen farko na tambayarka. Shi ne mafi sauƙi, bari mu sallame shi. Wani masanin Jamus, August Ludwig von Schlözer, shi ne ya ari sunan Samu a 1781 ya laƙaba wa dangin harsuna da suka haɗa da Larabci, Ibrananci da Aramiyanci. Harsuna ya nufa, ba jini ba. Kai, Hausar nan da muke yi ma 'yar uwarsu ce ta nesa, domin masana harshe sun sa reshen Chadi da reshen Samu a babban gida ɗaya. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1879, wani ɗan jaridar Jamus mai suna Wilhelm Marr ya yayata kalmar da Jamusawa ke kira Antisemitismus, har ya kafa ƙungiya da sunan. So yake ya sa wa tsohuwar ƙiyayyar Yahudawa rigar kimiyya, ta daina kama da gabar addini, ta koma maganar jinsi. Marr bai da Balarabe a zuciyarsa ko kaɗan, Bayahuden Jamus yake nufi. Saboda haka kalmar tun ranar sunanta Yahudawa kaɗai take nufi, kuma cewa "ai Larabawa ma Samiyawa ne" wasa da kalma ne wanda ba ya wanke kowa. Mu da Hausa ta hutar da mu, sai mu ce ƙin jinin Yahudawa, magana ta fito fili.

Reshe na biyu shi ne inda nake so mu zauna.

Wannan ƙiyayya a siffar da aka san ta yau, a Turai aka haife ta, a can ta yi wayo. Coci ta daɗe tana ɗora wa Yahudawa alhakin kashe Almasihu. A 1144 aka tsinci gawar wani yaro a Norwich ta Ingila, sai aka ƙaga cewa Yahudawa ne suka kashe shi don tsafi, ƙaryar da ta riƙa yawo gari-gari har tsawon ƙarnoni. Ingila ta kore su a 1290. Da annoba ta mamaye Turai a 1348, cewa aka yi su suka zuba guba a rijiyoyi, aka ƙona su a garuruwa da dama. Sifaniya ta kore su a 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, kuma da yawansu Daular Usmaniyya suka nufa, Sarki Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofa. Daga nan sai kashe-kashen Rasha daga 1881, sai shari'ar Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa, a Faransa a 1894, har aka kai ga Hitler da kisan kiyashin da ya lashe Yahudawa miliyan shida. Sahyoniyanci, wato aƙidar siyasa ta kafa wa Yahudawa ƙasa, daga cikin wannan tukunya ya fito: Theodor Herzl ya tara taron farko a Basel a 1897 ne bayan ya yanke ƙauna cewa Turai za ta taɓa karɓar su. Abin takaicin shi ne Turai ce ta ci bashin, Bafalasɗine aka kama ya biya.

A ƙasashen Musulmi fa? Nan akwai tatsuniyoyi biyu, kuma dukkansu ina ƙin su. Ta farko ta ce zaman lafiya ne zalla har Sahyoniyawa suka zo suka ɓata. Ta biyu ta ce ƙiyayya ce tun Madina ba ta taɓa yankewa ba. Gaskiya tana tsakani. Bayahude ɗan amana ne a shari'a, yana biyan jiziya, ana kare ransa da dukiyarsa da wurin ibadarsa, amma ba a daidaita shi da Musulmi ba. Idan ka auna da Turai ta wancan zamani, ya fi samun sakewa nesa ba kusa ba. Sama'ila bin Nagrila ya yi waziri a Garnaɗa. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa, da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa, kuma ya yi likita a fadar Salahuddin a Masar. Amma a Garnaɗar nan dai aka yi wa Yahudawa kisan gilla a 1066, kuma shi Musa bin Maimun gudu ya yi daga Kurɗuba saboda tsananin daular Muwahhidawa da ta ƙwace garin.

Mu ma muna da ɗan kaso a wannan tarihi, ko da yake ba mu cika faɗa ba. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki, kafin zuwansa ya jagoranci yaƙi da Yahudawan Tuwat a kudancin Aljeriya ta yau, aka rushe wurin ibadarsu a Tamantit. Abin da ba a faɗa wa ɗalibai shi ne alƙalin Tuwat na lokacin, Asnuni, ya saɓa masa, kuma sai da aka aika wa malaman Fas da Tilmisan da Tunis neman fatawa, suka rabu biyu. Wato ko a ƙarni na 15 malamai ba su yi baki ɗaya ba.

To yaushe ƙiyayya irin ta Turai ta shigo? Akwai ranar da za a iya nunawa. A 1840 wani limamin Katolika ya ɓace a Dimashƙa tare da baransa. Ƙaramin jakadan Faransa a garin ya tsaya kai da fata cewa Yahudawa ne suka yanka shi don jininsa. Aka kama manyansu, aka azabtar da su, wasu suka mutu a hannu. Sai da Sarkin Usmaniyya Abdulmajid ya fitar da doka a ƙarshen shekarar yana ƙaryata wannan ƙazafi. Ka ga tsohuwar ƙaryar Norwich ta iso Sham a jakar Bature.

Haka ma littafin nan da ake kira Furotokol na Dattawan Sahyoniya. Ba zan manta ba, wata rana bayan darasi wani ɗalibina mai ƙwazo ya biyo ni ofis da kwafin fassarar Larabci, hoton takarda ne da ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi, ya ja layi da jan biro kusan a kowane shafi. Ya ce, "Malam, ga sirrin nan duka, me ya sa ba ka koya mana?" Na ce ya zauna. Littafin ya fara fitowa ne a Rasha a 1903, da sunan wai bayanan taron sirri ne na shugabannin Yahudawa masu shirin mallake duniya. A 1921 jaridar Times ta Landan ta ajiye shi gefe da gefe da wani littafin zambo da Bafaranshe Maurice Joly ya rubuta a 1864 yana caccakar Napoleon na Uku. Sakin layi bayan sakin layi an kwafe, alhali littafin Joly ko sunan Bayahude babu a ciki. An cire sarkin Faransa ne kawai aka sa Yahudawa. Duk da haka Henry Ford ya yaɗa shi a Amurka, 'yan Nazi suka koyar da shi, aka fassara shi zuwa Larabci, har kundin Hamas na 1988 ya kafa hujja da shi. A takardar da ta fitar a 2017 ƙungiyar ta ce rigimarta da aikin Sahyoniyanci ne, ba da Yahudawa don addininsu ba. Ɗalibin nan ya yi shiru, can ya ce, "Amma Malam, ai abin da ke ciki yana faruwa." Na ce masa haka duk ƙaryar da aka rubuta da faɗi take, kowane zamani sai ta yi kama da shi.

Yanzu ga ma'aunin da nake amfani da shi, ba na wata hukuma ba ne. Idan ka ce mamayar Gaɓar Yamma haramtacciya ce, ba ka ƙi jinin kowa ba, Kotun Duniya ma haka ta faɗa a Yulin 2024. Idan ka ce korar Falasɗinawa sama da 700,000 a 1948 zalunci ne, ko ka ce abin da aka yi wa Gaza bayan Oktoban 2023, inda aka kashe dubun-dubatar mutane aka rushe asibitoci da makarantu, ta'asa ce, magana kake kan gwamnati da sojoji da abin da suka aikata. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta B'Tselem, wadda Isra'ilawa suka kafa a 1989, ta faɗi abin da ya fi haka zafi. Amma ranar da ka ce Yahudawa ne ke juya bankunan duniya, su suka ƙirƙiro cuta, Hitler bai gama aikinsa ba, ko ka ga halal ne a taɓa Bayahuden da ke Faris saboda abin da Netanyahu ya yi, to ka tsallaka. Ka bar laifi ka koma jini, ka yi wa mutane kuɗin goro. Alƙur'ani da kansa, yana maganar Ma'abota Littafi, ya ce ba duka suka zama ɗaya ba, kuma a Suratul Ma'ida ya hana ƙin wasu mutane ya sa a bar adalci. Hadisi ya tabbata cewa an wuce da gawar Bayahude, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne?

A nan zan ɗan taɓa mu. A bakinmu "Bayahude" ya zama kwandon da ake zuba duk abin da ba a gane ba: boko, rigakafi, fim, wayar hannu. Mafi yawan masu faɗin haka ba su taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, sau da yawa ma Bature suke nufi. Wannan kasala ce ta tunani, kuma ba ta ƙara wa Bafalasɗine ko taku ɗaya na ƙasarsa. Masanin nan Bafalasɗine, Edward Said, wanda ba wanda zai zarge shi da sassauci kan haƙƙin Falasɗinawa, ya yi faɗa da 'yan bokon Larabawa da suka rungumi masu musun kisan kiyashin Nazi a ƙarshen shekarun 1990, saboda ya ga kyauta ce ake miƙa wa abokin hamayya.

Gaskiya ne kuma ana amfani da zargin a matsayin sanda. Ma'anar da ƙawancen ƙasashe masu tunawa da kisan kiyashin ya amince da ita a 2016 ta zo da misalai goma sha ɗaya, bakwai daga ciki sun shafi Isra'ila, kuma an yi amfani da ita wajen toshe bakin malamai da ɗalibai. Shi ya sa a 2021 masana kimanin ɗari biyu, da yawansu Yahudawa, suka fitar da Sanarwar Ƙudus don raba sukar ƙasa da ƙin jinin al'umma. Sai dai yin amfani da zargi ba daidai ba bai nuna cewa cutar babu ita ba. A Toulouse a 2012 an harbe malami da yara uku a makarantar Yahudawa. A Pittsburgh a 2018 wani farar fata ya kashe mutum 11 suna ibada. A Janairun 2015, da ɗan bindiga ya shiga kantin Yahudawa a Faris ya kashe mutum huɗu, wani matashi Musulmi ɗan Mali da ke aiki a wurin, Lassana Bathily, shi ya tura masu sayayya ɗakin sanyi na ƙasa, ya kashe injin da fitila, ya sulale waje ya zana wa 'yan sanda yadda ginin yake.

Wani ɓangaren da ake tsallakewa: Yahudawan ƙasashen Larabawa. A farkon ƙarni na 20 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Bagadaza Yahudawa ne, ministan kuɗi na farko a Iraƙi, Sassoon Eskell, Bayahude ne. A Yunin 1941 aka far musu na kwana biyu, aka kashe fiye da ɗari. Zuwa 1951 kusan dukansu, sama da 120,000, sun fice. A jimlace wajen mutum 800,000 ne suka bar ƙasashen Larabawa cikin shekarun da suka biyo bayan 1948, wasu da son ransu, wasu da kora da ƙwace. Mafi yawansu Isra'ila suka tafi, jikokinsu kuma suna cikin ƙashin bayan masu zaɓen jam'iyyun masu tsattsauran ra'ayi a yau. Gwamnatocin da suka huce haushin Falasɗinu a kan Yahudawansu, da hannunsu suka ƙara wa Isra'ila jama'a.

Ɗaya gefen ma ba a wanke yake ba. Ana rera "mutuwa ga Larabawa" a titunan Ƙudus lokacin jerin gwanon tuta. A 2015 'yan kama-wuri-zauna sun cinna wa wani gida wuta a ƙauyen Duma, jariri ɗan wata goma sha takwas ya ƙone, iyayensa suka bi shi. Itamar Ben-Gvir, wanda ya daɗe da rataye hoton Baruch Goldstein, mutumin da ya kashe masallata a garin Khalil (Hebron), a falonsa, ya zama ministan tsaron cikin gida a ƙarshen 2022.

Sai reshe na uku, sulhu. Na gwamnatoci ba zan ja shi ba, domin labarin kusan iri ɗaya ne. Bayan "a'a" uku na taron ƙasashen Larabawa a Khartum a 1967, wato ba sulhu, ba amincewa, ba tattaunawa da Isra'ila, shugaban Masar Anwar Sadat ya sauka Ƙudus a Nuwamban 1977 ya yi jawabi a majalisar Isra'ila. Kwana goma sha uku ana tattaunawa a Camp David ta Amurka a 1978, yarjejeniya a Maris 1979, Sina'i ta dawo hannun Masar a 1982. Ba wasan kwaikwayo ba ne, domin tun daga lokacin ƙasashen biyu ba su sake gwabzawa ba. Amma Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta dakatar da Masar shekara goma, kuma sojojinsa suka harbe Sadat a faretin 6 ga Oktoban 1981. Jordan ta sa hannu a 1994. Yarjejeniyar Ibrahim ta 2020 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Bahrain, Maroko da Sudan kuwa ciniki ne: Maroko ta samu amincewar Amurka kan Yammacin Sahara, Sudan ta fita daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci. Bafalasɗine ba ya kan teburin. An yi ba a yi ba ke nan, an rufe ƙofa da ɓarawo.

Yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa ce ta taɓa ainihin ciwon, ita ce kuma faɗuwarta ta fi ciwo. Ranar 13 ga Satumban 1993 Yasir Arafat da firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin suka gaisa a Fadar White House. Kuskuren yana cikin ginin: an ɗage duk manyan batutuwa, wato Ƙudus, 'yan gudun hijira, matsugunai da iyakoki, zuwa ƙarshen wa'adin shekara biyar, da fatan amana za ta ginu kafin nan. Sai masu ƙin sulhu na kowane gefe suka samu shekara biyar na rusa ta. A watan azumi na 1994 Goldstein ya shiga Masallacin Annabi Ibrahim a Khalil ya kashe masallata 29 suna sallar asuba. Hamas ta mayar da martani da bama-bamai a motocin haya. Ranar 4 ga Nuwamban 1995 wani Bayahude, Yigal Amir, ya harbe Rabin bayan gangamin zaman lafiya a Tel Aviv. Duk wannan lokaci matsugunai na ƙaruwa: wajen mutum 110,000 a Gaɓar Yamma a 1993, yau kimanin rabin miliyan, ban da Gabashin Ƙudus. A Maris 2002 ƙasashen Larabawa suka miƙa tayin Yarima Abdullah na Saudiyya a Beirut: cikakkiyar hulɗa a madadin janyewa zuwa iyakokin 1967. A daidai ranakun bam ya kashe mutum 30 a wani otal a Netanya, tayin ya nutse cikin jini, kuma babu gwamnatin Isra'ila da ta karɓe shi. Ka lura da Sadat da Rabin: ba abokin gaba ya kashe su ba, ɗan gida ne.

Ni inda na fi koyon darasi shi ne wajen ƙananan mutane. A 1929, da aka kashe Yahudawa 67 a Khalil, ɗaruruwa sun tsira ne a ɗakunan maƙwabtansu Larabawa. A Berlin ta zamanin Hitler wani likita Bamasare, Muhammad Hilmi, ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya har yaƙi ya ƙare. Tsakanin Ƙudus da Tel Aviv akwai ƙauyen Wahatus Salam, da Ibrananci Neve Shalom, inda iyalan Larabawa da Yahudawa ke zaune tare tun ƙarshen shekarun 1970, yaransu na karatu da harsuna biyu a aji ɗaya. Akwai ƙungiyar iyayen da suka rasa 'ya'ya, wadda Yitzhak Frankenthal ya kafa a 1995 bayan Hamas ta kashe ɗansa soja, yanzu da ɗaruruwan iyalai daga ɓangarorin biyu. Sanannu a cikinsu su ne Rami Elhanan, wanda ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe 'yarsa Smadar a Ƙudus a 1997, da Bassam Aramin, wanda ya yi shekara bakwai a kurkukun Isra'ila, sannan a 2007 ɗan sandan kan iyaka ya harbi 'yarsa Abir mai shekara goma da harsashin roba a kai kusa da makarantarsu. Su biyun suna shiga makarantu tare, kowa ya ba da labarin 'yarsa, suna kiran juna ɗan'uwa. Abin da ya sa nake girmama su shi ne ba sa cewa rashin fahimta ce kawai, dukkansu suna cewa mamaya ce dole ta ƙare.

Kada in yaudare ka, waɗannan tsiraru ne kuma suna shan suka gida da waje. Falasɗinawa da yawa suna kiran irin wannan zama "taɗbi'i", wato mayar da mamaya abin yau da kullum, kuma suna da hujja: shan shayi tare ba ya ɗage shingen bincike, wanda ya zo daga Tel Aviv zai koma gida cikin awa ɗaya, na Nablus kuwa sai abin da soja ya ce. Farfesa Muhammad Dajani na Jami'ar Ƙudus ya kai ɗalibansa Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka yi kisan kiyashi, a 2014, ya dawo aka kira shi maci amana, ya ajiye aiki, daga baya aka ƙona motarsa. A gefen Isra'ila an cinna wa makarantar haɗaka ta Ƙudus wuta a shekarar, aka rubuta zagin Larabawa a bango.

Harin 7 ga Oktoban 2023, da ya kashe kimanin mutum 1,200 aka kuma kwashe wajen 250, ya faɗa har kan irin waɗannan mutane. Vivian Silver, tsohuwa 'yar shekara 74 a ƙauyen Be'eri, tana cikin masu ɗauko marasa lafiya daga mashigar Gaza a motarsu su kai su asibitocin Isra'ila. An ƙona gidanta, sai bayan fiye da wata guda aka gane gawarta. A taron makokinta Larabawa da Yahudawa ne suka cika wurin, a daidai lokacin da jirage ke ruwan wuta a Gaza, 'yan kilomitoci kaɗan daga inda gidan nata yake. Ɗanta Yonatan ya bar aikinsa ya shiga fafutukar da ta bari, kuma tun makonnin farko ya fito ya ce a tsayar da yaƙin.